Faci Mai Kusurwa Uku

Na bar kwalta ga masu sauri.
A bayan Rano na karkata,
na faɗa burtali, inda sawun shanu
ya fi sawun taya yawa.

Keken na yayana ne, Barau,
baƙi, mai kariya a baya,
da ƙararrawar da ta daina magana
tun shekarar da mai ita ya daina.
Guzurina gora ce, da ƙuli-ƙuli a leda,
da famfo ɗaure da roba.
Uwargida ta ce, "Da wannan gwiwar taka
mai kuka kamar ƙyauren zaure?"
Na ce, "Bar ta, sai su yi hira da kaca."

Kaka ce. An jingina dammunan gero,
dawa ta sunkuya kamar mai gaida suruki.
Duwatsu suka raka ni har suka gaji.
Na ratsa wani tudu da awaki ke kiwo a kai,
sai wani yaro ya ce, "Baba, ganuwa ka taka."
Ashe abin da ya tare dawaki jiya
yau ko feda bai sa na tsaya ba.

Kafin Kibiya yashi ya ci taya.
Na sauko, na tura,
wanda ya ɗauke ni na ɗauke shi.
Masu roron gyaɗa suka yi mini dariya,
suka cika mini aljihu,
dariyar da gyaɗar duk na karɓa.

A nan babu hon, babu hayaƙi.
Ina jin kurciya, ina jin lugude daga wani ƙauye,
ina jin numfashina, wanda na manta muryarsa
shekara talatin a bayan tebur.

Ƙayar aduwa ta kama ni gab da Sumaila.
Ƙarƙashin tsamiya na tarar da Cindo mai faci,
tsoho, gilashinsa ɗaure da zare.
Ya zaro tif, ya tsoma a kwano,
yana bin kumfa,
sai ya tsaya a kan wani tsohon faci
ya daɗe yana shafa shi da babban yatsa.

"Wannan aikina ne," in ji shi.
"Duk ƙasar nan ni kaɗai ke yanka kusurwa uku.
Ina mai keken? Dogo, mai allura da zare,
mai zuwa ran kasuwa?
Yana bi na kuɗin almakashi."

Na faɗa masa.

Bai ce komai ba sai salati.
Ya goge, ya shafa sholisho, ya hura,
ya manna sabon a gefen tsohon,
biyu kamar wa da ƙane.
Na miƙa kuɗi, ya ture hannuna:
"Ka rage mini nauyi."
Ban ga lokacin da ya taɓa ƙararrawar ba.

Na kwana a shagon wani masallaci,
keken jingine a kaina,
gwiwa na zagina har asuba.

Washegari da la'asar, Birnin Kudu.
Na hau dutse da rarrafe
don in ga shanun da aka zana a jikinsa
tun ba a san sunan kowa ba.
Suna nan, jajaye, ba su ƙosa da tsayuwa ba.
Wanda ya zana su bai sa hannu ba,
amma na tabbata da ya dawo
zai shafa, ya ce, "Aikina ne."

A gangare na saki birki.
Taya ta daki wani kwari,
sai ƙararrawa ta ce ƙirrr, ita kaɗai,
har wata akuya ta kauce.
Na waiwaya.
Hanya ce kawai, da sawuna a kanta,
siriri, yana ɗan karkacewa.