Lahadi a Galagu

Fasto Tiya ya tafi Sinja jinya,
ya bar mini makullin akwati
da littafin sunaye da gara ta ɗanɗana.

Mu goma sha ɗaya ne a takarda.
A rumfa, huɗu.
Kuku na sintiri bakin kogi,
an ga sawun mafarauta;
ba zan ce barewa ta jira Litinin ba.

Kaka mai girki ta ce asuba,
direbobi suka ce la'asar.
Na sa tsakar rana,
kowa ya yi fushi daidai.

Wani baƙo ya zauna rabin wa'azi,
aka ce ga zaki, ya zabura da kyamara.
Ni ma na waiga.

Baikon yau bai fi kuɗin shayi ba.
Rufi na yoyo,
ɗan Kafi na zazzaɓi.
Na zaɓi yaron. Dattawa za su tambaya.

Damina ta kusa, hanya za ta rufe,
kowa ya koma Dindir.
Ubangiji, garken da ke watsewa duk shekara,
yaya ake kiwonsa?

Usman mai gadi, da ba namu ba,
ya share wurin kafin mu iso.