Darasin Malam Pillai

A Kongo, ajin ƙarfe biyu,
fanka ta mutu tun Talata.
Malam Pillai ya buɗe waƙar Amurka:
wata mata a bakin tekun
da ba mu taɓa gani ba
kullum tana kunna fitila
don jiragen da suka daina zuwa.

Muka ce, wauta ce.
Ya goge alli a wandonsa,
ya ce, a ƙasarmu darma muke cewa.
Muka kwafa kamar lambar mota.

Sai Kande, wadda ba ta magana,
ta ce, Malam, ai kakana ne.
Kowa ya koma rinin kanti,
shi kuwa kowace asuba
sai ya je karofi ya motsa baba,
ko zare ɗaya ba a kawo ba.

Me kuke kiran wannan?
Wani ya ce amana, wani ya ce gado,
Isiyaku ya ce taurin kai.
Har aka tashi ba mu shirya ba.

Yau allin yana hannuna.
Mutum huɗu suka zo, ɗaya na gyangyaɗi.
Na buɗe littafin.