Shekarata da Awakin Deolinda

Sun ba ni jaka da taswira da ɗan guzuri,
suka ce: shekara guda, tsaunukan Fotugal na ciki,
inda matasa suka watse, daji ya maye gonaki,
je ka taya su shirya wa wuta kafin ta shirya musu.

Na sauka Urzeira ranar Laraba, ana yayyafi.
Gida talatin, hayaƙi na tashi a bakwai kawai.
Wata tsohuwa ta dubi takalmina fari fat,
ta ce, "Kai ne ɗan hidimar? Riƙe min igiyar nan."
A ƙarshen igiyar bunsuru ne, wai shi Bispo,
ya ja ni cikin sarƙaƙiya
har na san kowace ƙaya da irin gaisuwarta.

Deolinda ke nan. Saba'in da huɗu a duniya,
awaki tamanin, haƙora shida.
Ba ta taɓa buɗe rahoton sauyin yanayi ba,
amma ta ce rijiyar coci da can sai Agusta take ƙafewa,
yanzu tun Yuni guga ke dawowa da laka.

Na shimfiɗa taswirata a teburin da take matse cuku,
ja inda wuta za ta bi, shuɗi inda za mu tare ta.
Ta ɗora yatsa kan wani kwari da na bari fari:
"Nan iska ke juyawa in rana ta karkata.
Nan ta ci Anacleto, mijina, da alfadarinsa."
Na gyara zanen, alƙalami na rawa a hannuna.

Daga nan aiki ya koma na baki da kofato.
Kullum mu kora garke kewayen gari,
su ci ƙaya, su ci busasshen haki, su aske tudu ƙwal.
Ni ina auna faɗin da suka share,
da dare in cike takardun neman tallafi
don a biya makiyayi, a sayo tankin ruwa,
a gyara hanyar motar kashe gobara.
Sau biyu aka ƙi mu. A na uku aka ba mu rabi.
Ta ce, "Da babu gara ba daɗi," ta ci gaba da tatsa.

Sha tara ga Agusta rana ta fito ja wur.
Toka ta riƙa sauka kan wankin da aka shanya.
Muka ji ta kafin mu gan ta,
ruri kamar jirgin ƙasa da ba shi da tasha.
Ta gangaro ta kwarin nan, daidai inda yatsa ya nuna,
ta iso filin da awaki suka lashe,
ta laluba, ta rasa abin kamawa,
ta durƙusa, ta yi ƙasa har iya gwiwa,
mu bakwai da rassa da bokiti muka ƙarasa ta.

Ba duka muka tsirar ba.
Amyoyin Graciete goma sha ɗaya sun tafi,
da itacen da Anacleto ya dasa ranar aurensu.
Deolinda ta tsaya gaban kututturen har magariba,
ba ta yi kuka ba, ta ce in ƙirga mata awaki.
Saba'in da tara. Na sake ƙirgawa.
Can sai ga Bispo, gemu a babbake, yana tauna wani abu.

Yau wa'adina ya cika.
Motar da za ta ɗauke ni ta kawo wata, Iolanda,
da jaka, da taswira, da takalmi fari fat.
Na ba ta littafina: sunan kowace akuya,
wadda ke cizo, wadda ke ɓata, da sa'ar da iska ke juyawa.
Deolinda ta cusa min cuku a aljihu ba ta dube ni ba,
ta juya ga baƙuwar, ta miƙa mata igiya.