Farin Da Aka Bari

Ran Laraba kwantena ta iso daga Tema,
tsofaffin injunan Jafan masu warin gishirin teku.
Gariba na kwance ɗaya a ƙofar shagona, nan Suwame,
sai ga takarda an cusa tsakanin ƙarafa
don kada su ci juna a hanya.
Zai share hannu da ita, na ce masa tsaya.

Shafin tsohuwar kalanda ne. Na warware.
Dutse ne a ciki, dogo, shi kaɗai,
dusar ƙanƙara ta kwanta masa har wuya.
Ruwa na zuba daga kafaɗarsa
kamar zaren da ya kuɓuce wa mazari.
Wata bishiya ta karkace a bakin kware,
ta riƙe dutsen da yatsu uku.
Can ƙasa gada ce siririya,
a kanta mutum, bai kai ƙwayar shinkafa ba,
ya sunkuya da kayan da ban gane ba.
Babu gari, babu hayaƙi.
Ko akuya babu.

Na kai ta bakin ƙofa wajen haske.
Cikin shuɗin sama sai ga jijiyar itace,
layi-layi, irin na bayan turmi.
Ashe ba alƙalami ya yi aikin ba.
Katako aka sassaƙa, aka shafe shi da tawada,
aka danna masa takarda, launi na bin launi.

Na san wannan hannun.
Babana turmin sakwara yake sassaƙa a Aboabo,
shekara talatin da gizago ɗaya.
Yakan yi dariya ya ce, Mumuni,
matan Kumasi ba itace suke saye ba,
abin da na cire suke biya.

To ga shi nan.
Wannan ƙanƙarar ba wanda ya shafa ta.
Ƙwaƙule wurin aka yi, tawada ta zo ta rasa matsaya,
takarda ta tsira da farinta.
Duk sanyin dutsen nan, rami ne a jikin katako.

Na kafe ta da ƙusa sama da kantar fistin.
Yatsan Gariba ya bar baƙin mai a kusurwa,
ya zama hadari, ban goge ba.
Wani direban tirotiro ya taya sidi biyar,
na ce a kai kasuwa.

Guduma ba ta hutawa a layinmu,
mai walda na tofa wuta, mai wace na kiran ciniki.
Amma in wuta ta ɗauke da azahar,
injin gurza ya yi shiru,
nakan ɗaga kai in duba mutumin.
Yau wata huɗu bai ƙetare gadar ba.
Ni ma ban matsa masa ba.