Saukar Ungulu

Fanka na juyawa a silin ɗakina a Nima,
ni kuwa barci ya ƙi.
Kunnena na ƙirga mata bugu,
yana jiran inda sautin zai karkace.
Kwana ashirin da takwas a kan teku
ba sa fita daga jiki don kawai an iso Accra da jakar ratayawa.

Ranar farko da na hau benen kamfanin, can kusa da Kotoka,
kwat ɗin Mutawakilu na sa, kafaɗarsa ta fi tawa.
Matar ta buɗe littafin tashina, ta bi da farce har ƙasa:
"Awa ɗari bakwai da sha ɗaya.
Dubu da ɗari biyar muke so, wasu a kan ruwa."
Na ce, wa zai ba ni ruwan in ba ku ba?
Ta ce kowa haka yake tambaya.
Ta rufe, ta kira mai biyowa.

Filin Baba na Madina ne ya zama awannin nan,
fegi biyu da mangwaronsu.
Ragowar na tsinto shekara huɗu,
ina jigilar masu neman zinariya
kamar kaza na tsintar tsaba a bakin rumbun da ba nata ba, tana waiwayawa.

Da suka ɗauke ni, sai suka ɗaure ni a kujera,
suka kifa akwatin ƙarfe cikin tafki, kai ƙasa.
Riƙe numfashi. Ƙirga bakwai. Lalubi taga.
Ni ɗan Zango da bai taɓa iyo ba
sai a kwatar unguwa in ta cika da damina!
Na fito ina tari, suka buga hatimi: ya iya tserewa.

Kwangilar wata shida-shida ce.
Likita ma haka, ya saurari ƙirji, ya leƙa ido,
abincin gidanmu duka na rataye a igiyar da ke wuyansa.
Na kujerar dama daga ƙetare yake, mutumin kirki,
hadari ɗaya muke ratsawa,
shi dala, ni sidi mai narkewa.

Da dare, dandalin sauka bai fi faifai ba:
zoben koren fitila, harshen wuta a gefe,
ƙasa baƙi, sama baƙi, dandalin na numfashi.
Mutum goma sha biyu a bayana suna gyangyaɗi.
Ban san sunayensu ba,
nauyinsu na sani, har kilon ƙarshe, don shi ake rubutawa.

Hajiya Fusaina ba ta son sunan jirgin.
"Mai saukar ungulu? Ka san abin da ungulu ke sauka a kai?"
Na ce, Inna, ba ta jewar banza dai.
Ta yi tsaki, ta ƙara mini ƙosai.

Ɗazu yaron maƙwabta ya tare ni a bakin masallaci,
idonsa fal sama, yana son ya san ta inda ake farawa.
Na buɗe baki zan ce lissafi, zan ce haƙuri,
sai na ji kaina na ce: babanka na da fili?

Waya ta yi ƙara kafin asuba.
Jinin wani ya hau, an ajiye shi, ana nemana jibi.
Haƙorin Zulaiha na gaba yana girgiɗi,
ta ce ni zan cire.
Na kashe fankar, na zauna cikin zafi ina jin ta tana tsayawa.