Tsanin Rumbu

Baba Mode dillali ne a Kara,
shekara talatin da bakwai, bakinsa ne jarinsa.
Ya sayar da bijimi da Fillanci,
ya karɓi la'ada da Zabarmanci,
ya tsokani Buzu har amawali ya zame don dariya.
Ran wata Laraba yana alwalar la'asar
buta ta suɓuce daga hannunsa na dama,
magana ta bi ruwan, ƙasa ta shanye.

A asibitin koyarwa Dakta Luba
ta ɗaga hoton kansa ga fitila,
ta ɗora biro kan wani tabo kamar ƙonon tuwo.
"Nan ne, gefen hagu, bayan goshi.
Jijiya ta toshe, jini bai kai ba.
Kada ka ce ya manta.
Hatsin na nan cikin rumbu, tsanin ne ya karye."

Na ce, ai harshensa lafiya lau, jiya ma ya lashi zuma.
Ta ce, "Harshe ɗan aike ne.
Huhu ke zuga, kamar a maƙera,
iska ta hau ta kaɗa tantani biyu a maƙogwaro,
hanƙa da haƙora da leɓe su sassaƙa ta,
amma mai ba da umarni na can sama,
shi ne ya kwanta."

Na dawo gida ina taɓa kunnena a kan kabu-kabu.
Wai a ciki akwai ganga,
da ƙashi uku, ƙaraminsu bai kai ƙwayar shinkafa ba,
da wani abu naɗe kamar katantanwa,
gashi na rawa cikin ruwansa,
rawar ta zama saƙo, saƙon ya zama "sannu".
Shekara arba'in ina jin sunana,
ban taɓa sanin doguwar hanyar da yake biyowa ba.

A Rijiyar Ɗorowa, gindin dalbejiya,
nakan ce, "Mi kaka so, Baba?"
Ya dubi randa, ya ce, "Takalmi."
Ya ji da kunnensa ba ita ba ce,
ya bugi tabarma da hannun da ya rage.
Amma Fatiha takan fito cif, ko wasali bai faɗi,
kuma ran da akuya ta ci goronsa
zagin ya zo da kayansa duka, har da na kakarta.
Dakta ta ce abin da baki ya saba
yana da wata ɓarauniyar hanya.

Ɗiyata Hajo, wata goma sha huɗu,
ita ke zaman jinya ba a sa ta ba.
Takan kafa wa bakinsa ido, ta tura yatsa,
kamar za ta zaƙulo abin da ya maƙale.
Tana ba-ba-ba, wani lokaci ɓa,
sai ta tsaya, ta yi mamakin kanta.
Ba wanda ya zaunar da ita ya nuna mata
garin da ake zama da garin da ake tuƙawa,
kunnenta ne ke tsintar hawa da saukar murya
kamar kaza a masussuka.

Daren jiya zafi ya hana barci, an ɗauke wuta.
Su biyu kan tabarma ɗaya,
mai haƙori shida da mai saura tara.
Baba ya miƙa wuya wajen randa,
leɓe na rawa, gumi na bin gemu,
ya ja, ya ja, kamar mai guga a rijiyar rani:
"Ru..."
Igiyar ta tsinke a nan.

Hajo ta ɗaga kai, ta nuna da hannu duka,
ta ce, "Uwa."

Na tsaya da moɗa a tsakaninsu,
tana ɗiga kan ƙafata,
na rasa wanda zan fara ba.