Teburina a Bakin Gidan Waya

Shekara talatin da ɗaya
teburina yana bakin gidan waya na Damagaram,
ƙafa guda gajera, na tokare ta da ɓallin dutse.
Biro biyu, kaye, ambulan.
Dala ashirin wasiƙa,
in da kuka a ciki ma ban ƙara ko dala ba.

Na Birni sun zo, na Zango sun zo, na Garin Malam,
mai miji a Libiya, mai ɗa a Kwatano,
su zauna, su rage murya,
in rubuta.

Na san wanda ya jinginar da gonar gado
ƙannensa ba su sani ba.
Na san badukun da ya shekara yana tarin jini
yana ce wa iyalinsa hayaƙi ne.
Mukan haɗu a Kasuwar Dole,
in tambayi gajiya, in wuce.
Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba.

Ran da Malam Barma ya bar mini kujerar nan
ya kama kunnena, ya ce:
abin da ya shiga nan, nan zai ruɓe.
Na rantse.
Takardar da na ɓata kuwa
gaban mai ita nake ƙyasta mata ashana.

Yanzu benci ya huta.
Jikana Laminu ya nuna mini magajina,
yana cikin salula, ba ya tari, ba ya tashi salla.
Ka faɗa masa da baki, ya tsara maka da Faransanci
wanda ya fi nawa santsi, ban musa ba.
Na ce, wa ya kama kunnensa?
Yaro ya yi dariya.

Ran Talata sai ga Zuwaira mai ƙosai,
ko sallama ba ta ƙarasa ba:
Malam, kai ka faɗa?
Na ce me?
Ƙullutun da ke ƙirjinta, da jaka tamanin na asibiti.
Wani ya kira ta da hantsi, ya ambaci sunanta,
ya ce akwai rance, akwai magani daga waje.
Ko 'yarta ba ta gaya wa ba.
Sai da ta zauna ta tuna
ba ni na rubuta wa yayanta na Agadas ba.
Wayar ta gaya wa, da dare, ƙofa a rufe.

Na rasa wanda zan je in tsaya a ƙofarsa.
Da mutum ne, yana da unguwa, yana da uwa,
a kai shi gaban mai unguwa ya sunkuyar da kai.
Wannan ko inuwa ba shi da ita.

Laminu ya ce akwai doka.
Wai sai da izininka a ɗauki maganarka,
wai kana iya cewa a goge.
Na ce izinin nan da ake dannawa da ɗan yatsa
ƙarƙashin rubutun da ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta,
cikin harshen da Zuwaira ba ta ji?

Ta ce, rubuta mini duk da haka.

Na hura biro, ya daɗe bai yi aiki ba.
Zuwa ga hukuma, Yamai.
A gaya mini wa ya ji, wa ya saya, nawa aka biya.
A gaya mini da Hausa.
A goge, kuma a nuna mini tokar.
In na'ura ba ta iya rantsuwa,
mai ita ya zo ya rantse.

Ta dangwala yatsa. Ta miƙo dala ashirin, na ƙi.
Kwafin farko, wanda na yi kure a layi na uku,
na riƙe shi ta kusurwa, na ƙyasta ashana.
Ta tsaya har ya cinye,
sannan ta ɗauki tirenta.